Rage Shirgi a Gidan Yawa: Daga Ina Ake Farawa?

Akwai gidan da ake shara safe da yamma, ana wanke-wanke a kife kwanuka, tsakar gida fes, amma kullum da hantsi sai an yi ɗan ƙaramin yaƙi. Ana neman safar yaro ƙafa ɗaya, maigida yana tsaye yana cigiyar makullin babur, uwargida ta ɗaga wannan ta ajiye wancan tana laluben katin asibiti, mai adaidaita sahu kuma yana ƙofar gida ya gaji da jira. Masu gidan ba ƙazamai ba ne. Kaya ne suka fi ƙarfin wurin, kuma yawancinsu ba su da mazauni, duk inda hannu ya sake su nan suke kwana.

Wannan yana cin rai fiye da yadda ake zato. A 2010 wasu masu bincike biyu, Darby Saxbe da Rena Repetti, sun wallafa nazarin da suka yi a kan ma'aurata 30 a birnin Los Anjalas na Amurka, waɗanda miji da mata duk suna fita aiki. Matan da suka bayyana gidajensu a matsayin wurin tarkace da ayyukan da ba a gama ba, an ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa lokacin damuwa, ba ya sauka yadda ya kamata zuwa dare, kuma ransu ya fi ɓaci yayin da yini ke tafiya. Ba sai an je Amurka ba za a gane dalili. Duk abin da ido ya faɗa a kai yana tuna maki wani aiki: fankar da za a kai gyara, zanen da za a kai ɗinki, kwalin da aka ce za a duba tun bara.

Shawarwarin da suka fi yawo a kan wannan batu daga waje suka zo. Marie Kondo, 'yar Japan da littafinta ya fito a 2011, ta ce mutum ya tattaro kayansa iri-iri, ya riƙe wanda yake faranta masa rai, ya sallami sauran. Shawara ce mai kyau ga wanda yake zaune shi kaɗai. A gidan da ke da mata biyu, yara tara, uwar miji da ƙanin maigida a shagon zaure, rabin abin da ya tsone maki ido ba naki ba ne. Don haka aikin ba daga tsintsiya yake farawa ba, daga sanin mai kaya yake farawa.

Ki zauna ki raba kayan gidan a zuciyarki. Akwai naki na kanki, wato kayan ɗakinki da suturarki da na ƙananan yaranki. A kansu kina da cikakken iko, kuma da su za ki fara. Akwai na maigida. Akwai na abokiyar zama, waɗanda ko tsinke ba naki ba ne ki taɓa, komai tsufansa. Akwai ajiyar dangi: firjin da ya mutu na ɗan'uwan da ya koma Abuja, katifar ƙanwar da aurenta ya mutu ta kuma sake wani, buhun littattafan wanda ya gama karatu tun shekara shida. Sannan akwai kayan mamaci. Waɗannan gado ne, ba a kyautar da su, ba a sayarwa, ba a zubarwa sai an raba, ko magada duka sun yarda. Gidaje da yawa suna da ɗaki guda a kulle saboda wannan kawai, gara tana cin abin da ke ciki. Maganinsa shi ne maigida ko babban gida ya sa a yi rabon, kuma wannan ya fi ƙarfin gyaran ɗaki.

Da tsofaffi kuwa sai da lafazi. Kalmar "a zubar" ita ce ke ɓata komai. Tsohuwar da ta ga yunwa da tsadar shekarun baya ba ta ɗauki gwangwanin madara a matsayin shara ba. Gara ki ce, "Hajiya, akwatin nan naku na ga kamar ɓera ya fara shiga, ko in fito da shi a shanya, ku duba abin da ke ciki?" In an buɗe a gabanta, ita da kanta za ta ce wannan a ba wance, wancan ya mutu. In kuma ta ce a mayar duka, a mayar. An dai shanya.

Abu na biyu kafin ki buɗe ko durowa ɗaya: ki san inda kayan za su tafi. Yawancin gyaran da ya rushe a nan ya rushe. An ware kaya, an cika buhu uku, an jingine a lungu, bayan mako biyu yara sun farke buhun, kowa ya zaro nasa. Alhali hanyoyin fitar da kaya a garuruwanmu suna da yawa. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola suna sayen ƙarfe da alminiyam da fasassun robobi, suna aunawa a kilo. Tukunyar da ta huje narkar da ita ake yi a zuba sabuwa. Masu zoɓo da kunun aya suna neman robobin lemo da na ruwa. Dillaliya tana karɓar atamfa, leshi da kwanuka masu kyau. Suturar da ba ta mutu ba tana da masu jira: 'yar aiki, almajirin gidan, dangin ƙauye, gidan marayu. Abin da ya yage ya zama tsumma. Sai ragowar ta tafi bola, ba kwata ba, don ledar da aka tura magudanar ruwa da rani ita ce ke dawo da ruwa cikin gida da damina. Kada kuma a ƙona roba da leda a tsakar gida, hayaƙinsu guba ne. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata da safe lokacin tsaftar muhalli ne, kowa yana gida, ga samari ga hannuwa. Rana ce mai kyau ta fitar da manyan kaya.

Dokar ita ce, abin da aka yanke wa hukuncin fita kada ya kwana uku a gidan. Sadakar da za a yi kuma a yi ta da abin da mai karɓa zai iya sawa ya shiga mutane, a wanke, a ninke.

Kada ki ce yau za ki gama da ɗaki gaba ɗaya. Kowa ya san yadda wannan ke ƙarewa: an fito da komai tsakar gida, azahar ta yi ba a ɗora tukunya ba, yara sun dawo, baƙi sun yi sallama, sai a kwashe a cusa a inda aka ɗauko, har ya fi da hargitsewa. Ki ɗauki abin da za ki gama tsakanin fitar yara makaranta da ɗora girkin rana: kanta ɗaya, akwati ɗaya, ƙarƙashin gado. Ki fitar da duk abin da ke wurin, ki share, ki goge, sannan ki mayar da wanda ya cancanta kawai. A shekara kuma lokuta biyu sun fi dacewa da babban gyara: watan Sha'aban, kafin hidimar azumi ta shigo, da ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka ya sa kaya fumfuna.

Ki fara da kayanki na madafi da sito, don babu ƙauna tsakaninki da murfin da tukunyarsa ta ɓace. Za ki tarar da su da yawa: murafe marasa tukwane, kular da ta daina riƙe zafi, filas ɗin da kwalbarsa ta fashe, ludayi mai karyayyen hannu, da ledoji ƙulli-ƙulli na kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji, wasu ba a ma san na yaushe ba ne. Kayan miya su koma robobi masu murfi da ake ganin cikinsu, a jera su kusa da murhu. In an sayo sabo, a ƙarar da tsohon tukuna, kada a zuba a kansa.

Hatsi yana buƙatar kulawa ta musamman. Buhu kada ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango. A ɗora shi a kan katako, a bar tazarar da tsintsiya za ta shiga baya. Wanda ake ɗiba kullum, shinkafa, gari, gero, ya shiga bokiti ko duro mai murfi, amma ba wanda aka taɓa zuba fenti ko maganin feshi a ciki ba. Dalilin ya wuce ɓarnar abinci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci da kwanuka, kuma ya fi tashi da rani. Ɓera ba ya zama a fili. Tarin kwalaye da tsofaffin buhuna yake nema. Wake kuwa, in za a ajiye na watanni, akwai buhun PICS da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban. Iska ba ta shiga, ƙwaron sai ya mutu ba tare da an zuba magani ba. In ledar ta huje, amfaninsa ya ƙare.

A nan ne kuma za ki ci karo da abubuwan da suka fi shirgi haɗari. Kalanzir a robar lemo, wanda yaro mai ƙishirwa zai kafa kai. Fiya-fiya da maganin ɓera a kanta ɗaya da gishiri. Jarkar fetur ɗin janareto a bayan ƙofar kicin, ga tukunyar gas, ga iskar hunturu. Fetur ya fita daga ɗakunan kwana da wurin girki ɗungurungum, magungunan ƙwari su hau sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a cikin mazubinsu na asali.

Yanzu sai jere, inda magana take da nauyi. Wasu masu ba da shawarar zamani suna kallon kabad cike da kwanuka su ce tarkace ne. Ban yarda ba. Jere dukiyar mace ce da iyayenta suka tara mata shekara da shekaru, tun zamanin ƙwarya da tasa, zuwa langa da samira da fanteka, zuwa tangaran da kulolin yau. Ado ne, shaida ce cewa tana da gata, kuma ranar da ta ɓaci ana iya ɗaga saiti ɗaya a sayar a biya kuɗin asibiti. Ba a taɓa irin wannan da garaje.

Amma a cikin jeren ma akwai bambanci. Akwai wanda yake a fili yana ƙawata ɗaki, ana goge shi. Akwai manyan tukwane da farantan da ake fitarwa ranar suna ko biki, waɗanda zamansu a sama ko a sito daidai ne. Sai kuma kashi na uku: saitin kuloli huɗu ko biyar da ba a taɓa fitarwa daga kwali ba, suna saman sif suna shan ƙura, yayinsu yana wucewa. Langa tana shekara talatin tana nan. Kular roba kuwa launinta yana dusashewa, in ta daɗe a zafi ta yi rauni, kuɗinta kullum ƙasa yake yi. Waɗannan su ne gudummawarki ta bukukuwa masu zuwa. Ki ware su wuri guda, duk bikin da ya taso ki ɗauki ɗaya maimakon ki shiga kasuwa. Kin rage kaya, kin fita kunya, kuɗinki yana hannunki. In kina tara wa 'yarki ne, ki dubi shekarunta: yarinya 'yar shekara takwas ba za ta so kular bana ba ranar aurenta. Gara a juya kuɗin zuwa abin da ba ya tsufa.

Sutura ma haka take. Atamfa da leshi da shaddar da ba a ɗinka ba jari ne, a ninke su a akwati mai kyau, a riƙa fitarwa ana shan iska. Wanda aka ɗinka kuwa, amfaninsa sawa. Anko shi ne babban mai cika sif: kowane biki da nasa, a sa sau ɗaya ko biyu, shi ke nan. Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: kayan da sallah biyu da bukukuwan shekara guda suka wuce ba ki waiwaye su ba, ba za ki sa su ba. Haka wanda ake jira a rame a shiga. Ki bar kaɗan da kike ƙauna don tarihi, kamar zanen da mahaifiya ta ba ki, sauran su tafi tun suna da kyau.

Kayan yara a gidan da ake haihuwa ba a rabuwa da su duka, ƙani yana tafe. A ware masu kyau bisa shekaru, kowane rukuni a jakar bakko tasa, a rubuta a jiki da alƙalami mai kauri: "wata 6 zuwa shekara 1", "shekara 2 zuwa 3". Rigunan sanyi da barguna su sami tasu jakar, a ɗaga su sai Nuwamba. Komai ya bushe ƙarau kafin a rufe. A kula da kafur: yara suna ɗaukarsa alewa, kuma yana iya fasa ƙwayoyin jinin wasu jarirai har idonsu ya yi ɗorawa, don haka kada ya kusanci kayan jariri ko kaɗan.

Maigida, kai ma da naka. Durowar nan mai cajoji takwas da babu mai aiki, tsofaffin wayoyi, rasiɗan shekara goma, huluna da suka karye, da rediyon da za a kai gyara tun kafin a haifi auta. Babu mai taɓa maka su, shi ya sa suke nan. Batirin wayar da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, a fitar da shi daga ɗaki. Abin gyara kuma a sa masa wa'adi: in wata ya ƙare bai je wurin mai gyara ba, na 'yan gwangwan ne.

Takardu su ne ƙaramin aiki mai babban amfani. Takardun haihuwa, katin rigakafin yara, takardar NIN, katin zaɓe, sakamakon WAEC da NECO, takardun fili da na gida, duk su haɗu a jaka ɗaya, kowane mutum da ambulan ɗinsa, a saka a leda mai kauri, a ajiye a sama, kuma manya biyu aƙalla su san wurin. A ɗauki hoton kowacce a waya. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, cikin dare ta zo. A irin wannan hali jaka ɗaya ake iya sunkuta, ba a tsayawa binciken akwatuna. Tsofaffin littattafan Islamiyya da takardu masu ayoyi ba sa shiga bola. A tara su daban, masu kyau a kai makaranta ko masallaci, waɗanda suka yage a ƙona su a wuri mai tsabta ko a binne, yadda malamai suka saba nunawa.

Kwandon magani ma a zazzage shi. Duk wanda kwanan watansa ya wuce ya fita, haka ƙwayoyin da aka raba da kwalinsu ba a san sunansu ba. Maganin yara na gari da ake haɗawa da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu bayan an haɗa, maganin ɗigawa a ido kuma yawanci mako huɗu ne bayan buɗewa. Ragowar a ajiye wuri mai sanyi, nesa da murhu da hannun yara.

Bayan ɗaki da lungun tsakar gida ba sa ɗaukar lokaci: tsohuwar taya, fasasshen tulu, gwangwanaye. Ruwan da ya kwanta a cikinsu kwana goma ya isa ƙwan sauro ya zama mai cizo, kuma irin sauron da ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi irin wannan ruwa ya fi so. Ragowar bulo da itace a tsara su a ɗage daga ƙasa, saboda kunama.

In kaya sun ragu, sai a ba kowanne mazauni, kuma mazaunin ya kasance inda ake amfani da shi, ba inda ya fi kyan gani ba. Makulli: ƙusa ɗaya kusa da ƙofa. Jakar makaranta: kowane yaro da ƙusarsa, daidai tsayinsa, don in sai an ɗaga shi kafin ya rataye, a ƙasa za ta kwana. Takalma: kanta ko kwando a bakin ƙofa. Kayan wanki: kwando a ɗakin da ake tuɓewa. Buta da bokiti su sami gefensu. Yunifom, safa da takalmi a haɗa su tun dare. Abin da ake ɗauka kullum ya zauna tsakanin gwiwa da kafaɗa, na shekara-shekara ya hau sama. Kuma kada ki ruga sayen sababbin kwanduna da akwatunan roba tun ba ki rage ba. Sau da yawa in an gama za ki tarar mazuban da ke gidan sun isa har da saura.

Riƙe gyaran aikin kowa ne. Minti goma kafin magariba, kowane yaro ya mayar da abin da ya ɗauko, maza da mata. Na ce maza da gangan, don a gidaje da yawa yaro namiji yana wurgar da riga ƙanwarsa ta ɗauke, ya girma matarsa ta gada. Ɗan shekara uku yana iya kai takalminsa kwando, ɗan shekara bakwai yana iya ninke tabarma da jera littattafansa. Makonnin farko za ki yi ta maimaita magana har ki gaji. Ki daure ki kira mai abin ya ɗauke da kansa, ko da ɗaukewarki ta fi sauri.

Saura ƙofar shigowa. Kayan rabon biki, robobi, jakunkuna, kalanda, kofuna masu hoton amarya da ango, suna shigowa kusan kowane mako. A karɓa da godiya, a zaɓi mai amfani, sauran su wuce kwandon kyauta tun a ranar. Dillaliya in ta kawo kaya bashi, ki tambayi kanki inda za ki ajiye kafin ki tambayi farashi. Ajiyar dangi kuwa ƙin karɓa yana da wuya, kuma ba lallai ne a ƙi ba. A dai yanka wa'adi tun a bakin ƙofa, kuma maigida ne ya kamata ya faɗa in ɗan'uwansa ne: "Yaya, a ajiye, babu komai. Sai dai siton yana yoyo, don Allah kafin ruwa ya sauka a turo a ɗauka." In lokacin ya yi, a buga waya a tuna, a kuma nemo mai kura in ya ce ba shi da abin ɗauka.